Noti Na Huɗu

Fijon Baffa Jalo ta shigo Tashar Dukku da hantsi,
bayanta na rangaji kamar agwagwa,
tana warin albasar Kwadon.
Ya ce, "Shoka ce. Tun daminar bara
kowane rami a ƙuguna yake sauka."

Oga Mela bai ɗago daga kabiretan da yake hurawa ba.
"Bappayo, ɗaga ta. Bi a sannu,
motar nan ta girme ka."

Na sa jak, na tokare da kututture,
na cire taya, na shimfiɗa kwali, na shige.
Can ƙasa wani gari ne daban:
lakar hanyoyin da ban taɓa bi ba ta daskare,
tsatsa ja wur, kamar bakin tsohon maciyin goro.

Noti uku suka biyo ni salin-alin.
Na huɗu ya ce ba inda za shi.
Sifana sha bakwai ta zame, ta ɗebe min fatar yatsa.
Na zuba kananzir, na ƙara da man birki.
Da na bar shi ya sha, da wata maganar ake yi.
To, Baffa Jalo na ta duban rana,
kasuwa na ci ba shi,
ni kuwa ina son a ce yaron nan ya iya.

Na zura bututu a wutsiyar sifana,
na taka da ƙafa,
na sauke masa duk tuwon da na ci jiya.
Ƙas!
Ƙarar ma ba ta kai ta kawo ba,
kamar an karya rake a bayan katanga.
Kan ya faɗo min a ƙirji, da ɗuminsa,
gindin ya zauna a rami, ya yi gum,
guntun haƙori a dasashi.

Na daɗe a kwance ina ƙirga takalman mutane.

Oga Mela ya tsuguna, ya leƙo.
Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.
Ya ce, "Shekara talatin yana riƙe da wurin nan,
kai minti biyar ka ba shi ya saki."

Aka aike ni wurin Tela mai walda.
Ba wuta. Muka jira har aka fito azahar,
sannan janareta ya yi tari ya tashi.
Tela ya ɗora sabon noti a kan guntun,
ya cika cikinsa da narkakken ƙarfe.
Muka murɗa, ya ɓalle.
Ya sake. Wannan karon Oga ya ce kowa ya janye hannu.
Ya ɗiga masa kyandir tun yana ja,
ya ɗauki ƙaramar guduma
yana ƙwanƙwasawa kamar mai sallama a gidan surukai.

Gaba kaɗan. Baya kaɗan.
Gaba kaɗan.
Sai ƙarfen ya yi ƙiii, kukan ƙyauren da aka manta,
garin tsatsa ya zubo min a ido,
ban ko ƙifta ba.

Da la'asar ya fito, baƙi, a lanƙwashe,
bai kai tsawon babban yatsana ba.
Abin da ya cinye wunin mutum huɗu ke nan.

Na ɗaura sabuwar shoka.
Oga ya miƙo gwangwanin giris:
"Shafa wa zaren. Ba don kai ba.
Wani yaro zai kwanta a nan bayanmu."

Baffa Jalo ya danna bayan motar da hannu biyu,
ta sauka, ta taso, ta tsaya cak.
Ya ce albasa ba tumatir ba ce, za ta kai gobe,
amma ya rage ɗari biyar a kuɗin aiki.
Na san daga aljihun wa za ta fita.

Guntun yana nan a wandona.
Ya huda aljihu sau biyu.
Inna ta tsince shi a wanki, ta jefar a kwata,
na bi da dare da tocila na ɗauko.