Ƙusa Ɗaya a Bango

A Kanya Babba, bayan rumfar mahauta,
akwai ɗakin langa-langa na Iro Mai Bidiyo.
Tun ina aji uku nake gutsurar kuɗin niƙan Inna Tasallah
don in ga jarumi ya daki ƙato goma
hularsa ba ta faɗi ba.

Benci shida. Janareto mai tarin tsofaffi.
Kaset jere a kwali kamar bulo,
sunayensu da biro, ruwa ya cinye rabi.
In zare ya cije, Iro ya sa ɗan yatsa, ya hura,
mu kuwa sai ihu: A mayar!
A mayar wajen faɗan!

Ba mu jin yaren masu kuka cikin ruwan sama,
amma mun san mugu tun daga gashin baki,
mun san attajirin da ke murmushi a farko
shi zai kwashe gonar marayu kafin a tashi.

Yau ana rantsar da sabon shugaba a Abuja.
Iro ya hau rufi ya juya eriya,
ya ce yau kallo kyauta ne, albarkacin ƙasa.
Mati Kafinta ya zo da hular jam'iyya biyu,
ɗaya a ka, ɗaya a aljihu.
Barmo ya zo da ciwon zaɓen da ya faɗi,
ya zauna baya, yana ɓare gyaɗa da ƙarfi
kamar ita ta ƙirga ƙuri'a.

Yaran yanzu suna bakin ƙofa, ba su shigo ba.
Kowa da silimarsa a tafin hannu,
an tura masa a shagon caji.
Suna koyon rawar da ta fito jiya,
wadda jibi za ta tsufa.

Sojoji suka yi fareti. Doguwar mota ta tsaya.
Mai babbar riga ya ɗaga hannu,
ya buɗe baki zai yi rantsuwa,
sai janareto ya yi tari biyu, ya shaƙe.

Duhu.
Iro ya girgiza galan, ko ɗigo.
Aka zuƙo rabin kwalba daga babur ɗin Ɗanlami,
shi yana ta faɗin bashi ne, a shaida.
Da wuta ta dawo, hadari ya riga ya taso daga gabas,
Abuja ta zama yayyafin toka a gilashi.

Sai Iro ya laluba kwali,
ya busa ƙura, ya tura tsohon kaset.
Ga wani mai tumbi a kan mota, da lasifika,
yana yi wa ƙauye alkawarin rijiya.
Kafin ya faɗa, mun faɗa masa.
Kafin ya dafa ƙirji, mun dafa namu.
Mati ya ce, ai wannan mun taɓa gani.
Barmo ya ce, wanne daga ciki?
Dariya ta kama benci shida,
har yaran ƙofa suka ɗago kai.

Gobe hedimasta zai hau kujera a ofis,
ya sauke tsohon hoto, ya rataya sabo.
Ƙusar ɗaya ce, tun ta zamanin kakin soja,
ta yi tsatsa, ba ta taɓa yin zaɓe ba.
Fastocin bara kuwa suna wajen Sallau mai tsire,
yana naɗe na ɗari biyu da fuskar mai girma,
mai yana tsattsafowa ta goshinsa.

Ruwa ya sauko kafin a kama mai tumbi.
Aka watse da gudu, kowa na tunanin iri,
don gero ba ya tambayar wa ke mulki,
taki ne mai tambaya.

Na tsaya taya Iro kawar da benci daga yoyo.
Ya danna maɓalli, kaset yana komawa baya,
yana kuka siriri kamar sauro.
Na ce, wa zai sake kallo?
Ya ce, bari dai ya zauna a farkonsa.