Kujerar Tsayabu

Shekara goma sha tara ina ƙirga mutane
cikin gidajen dara da na zana a takarda:
mai aiki a dama, marar aiki a hagu,
wanda ya ƙi amsawa a bar masa fili.

Babana ne ya fara ƙin shiga gidan.
Injin matsar gyaɗa ya cinye masa hannun dama
ina ƴar aji uku a lakwal ta Mokoyo.
Aka ba shi jikka ashirin da "Allah ya sawwaƙe".
Ya koyi ɗaure buhu da haƙori da hagu,
ya ciyar da mu, mu takwas,
amma ko a littafin wa ka duba
marar aiki ne sunansa.

Shi ya kai ni jami'a, ko da bai san hanyar ba.

Mun horar da mutum arba'in a Sabon Gari,
muka raba keken ɗinki, muka yi hoto.
Bayan damina uku na koma da alƙalamina.
Sha ɗaya na tarar.
Barira, wadda ba ta ji, ta sayar da kekenta,
ba don ɗinki ya gagare ta ba:
masu kawo atamfa sun gaji da nuni da yatsa.
Lawali ya ci jarrabawar akawu da lamba ta biyu,
ofishin yana bene,
matakala ashirin da shida, ni na ƙirga,
shi yana ƙasa bisa kekensa yana kallona.
Yanzu walda yake a bakin hanyar Dan Isa,
yana ƙera wa ƴan'uwansa keke mai ƙafa uku,
yara biyu masu ƙafafu suna koyo a hannunsa.
Wane gida zan sa shi, na nasara ko na asara?

Na rubuta duka, shafi ɗari uku.
Aka karanta a ɗaki mai sanyi, aka tafa,
aka ƙara mini suna a gaban sunana.

Tsayabu bai taɓa ganin fuskata ba,
da takuna yake gane ni tun daga bakin rumfa.
Igiyar roba tana gudu tsakanin yatsunsa,
ja, kore, ja, ba ya ɓata jeri.
Ya ce, "Malama, littafin nan da nake ciki,
da wane harshe na yi magana?"
Na ce, da Faransanci.
Ya yi dariya har igiyar ta kuɓuce.
"Ashe ni da masu idon unguwarmu
duhunmu ɗaya a wurin."

Ya ce, "An ƙara miki albashi?"
Na ce an ƙara.
"To, kujerata jikka bakwai ce yau, ba ragi."

Tana ofishina, a kanta nake gyaran takardun ɗalibai.
Duk wanda ya kawo mini jadawali mai gida biyu
sai in tashe shi, in ce ya je ya sake tambaya,
ya zauna har a ba shi ruwa,
ya bar bakin biro a rufe tukuna.

Jiya igiya ɗaya ta tsinke a gefen hagu.
Na ɗora kujerar a bayan kabu-kabu,
na riƙe ta da hannu biyu har Bagalam.
Ban ɗauki takarda ba.
Na tarar da layi, mutum huɗu a gabana,
na jira.