Rajistan Ɗakin Ido, Tawa

Layi huɗu ne a baƙin littafin nan:
suna, shekaru, gari, abin da ya shiga.
Shekara tara ina cika shi da biro.
Na daina duba kalanda,
ido ne ke faɗa mini watan da muke ciki.

In kaka ta yi, Kalfu da Bambay a mota guda suke zuwa.
Mutum ya duƙa ɗaurin dame
kara ya miƙe ya same shi.
Nomau ya ce kwana uku ne.
Na ɗaga fatar, ga farin ɗigo kamar tsabar gero.
Na ce, Baba, kwana nawa?
Ya dubi ɗansa. Ya ce, to, kasuwa biyu ta ci.
An ɗiga ruwan albasa, an ɗiga nonon mai jego,
da abin ya ƙi aka sayar da akuya.

Masu walda ba su da wata, kullum lokacinsu ne.
Arzika, shekara sha tara, karo na uku.
Tabarau na rataye a ƙusa a shagon maigidansa,
ya ce in ya sa ba ya ganin bakin ƙarfe.
Na ciro tsatsar da kan allura,
na ajiye masa ita a tafin hannu.
Ya yi dariya: ɗan wannan ne ya hana ni barci?

Mata kan zo da yamma, bayan an sauke tukunya.
Faskare, tartsatsin mai, ƙayar aduwa,
da wadda ta ce ƙofa ce.
Ƙofar nan ta buge ta bara ma, a ido guda.
Na rubuta ƙofa.
Biro ya yi mini nauyi.

Ran da aka tashi lakwal kuwa, sai danƙo.
Dutse na kan hanya wajen kurciya
ya tarar da Tambara tana leƙen katanga.
Shekara shida.
Wanda ya harba yayanta ne, yana bakin ƙofa,
ya ƙi shiga, ya ƙi tafiya,
yana murɗa bakin rigarsa har ta yage.
Lokotoro ya haska fitila, ya daɗe bai ce komai ba.
Na san shirun nan. Takardar Yamai ce.
Uban ya tambayi kuɗin mota,
ya ƙirga jikkunan da ke aljihunsa
ya sake ƙirga su, ko za su ƙaru.

Ƙarshen wata nakan haɗa lissafi:
maza sun fi, samari sun fi,
masu zuwa a makare sun fi kowa.
A sa hannu, a buga hatimi, a aika.

Babu layin abin da ido ya gani na ƙarshe.
Da akwai, da na rubuta na Tambara,
don ta faɗa mini ina ɗaure mata bandeji:
tsuntsuwar ta tashi, inna, bai same ta ba.

Na rufe littafin, na wanke hannu.
A hanyar gida na ratsa ta layin masu walda.
Arzika na duƙe, wuta na fetsi shuɗi,
ya kare fuska da hannun hagu,
yana leƙe ta tsakanin yatsu.