Mai Yankan Tikiti a Santiago

Don Evaristo ya sauke gilashi,
ya ce, "Peso dubu biyu? Awa guda?
Jiya fa dubu ne, Eulalia."
Na ce, "Majalisa ta ƙara, ba ni ba."
Ya miƙo kuɗin kamar ana cire masa haƙori,
shi da cire haƙoran mutane ne sana'arsa.

Ban gaya masa ba
huɗu da rabi nake barin Puente Alto,
bas biyu su wuce ni cike maƙil,
ta uku in rataya a ƙofa.
Ban ba shi labarin Ximena ba,
yadda ƙirjinta ke busa sarewa a watan Yuli,
in hayaƙi ya kife gari kamar murfin tukunya
har duwatsun Andes su ɓace.

Wai kuɗin na sabbin bas ne, masu lantarki.
Alkawari kam na sha ji.
Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Amma yau Talata, gurbi shida a layina ba kowa.
Wata tantabara ta sauka a na huɗu,
ta yi zamanta.
Ita ban yanka mata tikiti ba.