Gefen Hagu

A Ostiya, bayan rumbunan alkama,
inda ƙurar marmara ke kwana a hancina,
shekara talatin ina sassaƙa kawunan mutane.
Gangar jiki kam tana nan jere a bango,
sanye da mayafin dutse, wuya da rami,
kowace na jiran kan wanda ya biya.

Ni ne Menofilos, ɗan tsibirin Faros.
Malamina fuskar alloli ya koya min:
goshi sumul kamar ruwan randa,
kumatu babu jiya, babu gobe.
Ya ce dutse ba ya son tsufa.

Sai ga Ostoriya, ranar kasuwa,
da garin alkama a bakin zanenta.
Ta kwance ƙunshi a kan bencina:
fuskar mijinta ce, ta kakin zuma,
wadda aka ɗauka kafin gawa ta huce.

Na duba. Sanƙo. Kunnuwa kamar marfin tukunya.
Hanci a karkace, alfadarin niƙa ya taɓa shurinsa.
Layi uku a goshi, kamar kunyoyin gona.
Na ce, uwar gida, zan rage masa shekara ashirin,
ba ƙarin ko dinari ɗaya.

Ta ce, wa zan kai wa shekarun da ka rage?
Wannan layin, shekarar da jiragen Masar suka ƙi isowa,
muka rufe tanderu wata biyu.
Wannan, ɗanmu na fari ne, yana kwance bakin hanya.
Na tsakiyan ni na yi masa, da bakina,
kuma ban yarda a goge ba.
Kandidus mai burodi na zo saya.
In Afolo nake so, na san hanyar haikali.

Na yi shiru. Na ɗauki guduma.

Kwana arba'in ina bin tsufa da ƙarfe,
ina haƙa abin da aka hore ni in cike.
Jijiyar wuya. Jakar ƙarƙashin ido.
Tabon ƙuna kusa da kunne.
Dutsen bai ƙi ba.
Ashe malamina ne ba ya son tsufa.

Baki kaɗai ya gagare ni.
Kakin ya iso a makare,
mutuwa ta riga ta saki leɓe.
Ta zo, ta zagaya kan sau biyu,
ta ce, shi ne, amma bai gane ni ba.
In ya ci ni a musu, ko ya ci riba,
gefen hagu kaɗai ke tashi.

Na murza yumɓu, na nuna. Ta ce a'a.
Na sake. Ta ce wannan na mai karɓar haraji ne.
Na sake. Ta juya za ta fita,
sai yarona ya yi tuntuɓe da bokiti,
ya zauna daɓas a cikin kwaɓin farar ƙasa.

Ta dube shi.
Gefen hagu ya tashi.

Shekara arba'in suna ci a akushi ɗaya,
ta ɗauke masa murmushi ba ta sani ba.
Ban faɗa mata ba.
Na sunkuyar da kai, yatsana na aiki.

Ranar da aka kafa shi a kabari
ta shafa kuncinsa, ta ce, ka ga dama ka dawo.

Na sani jan fentin leɓen zai koɗe,
hancin da na wahala a kansa zai guntule,
ruwan sama zai lashe sunan.
Wata rana wani zai tono shi daga laka,
ya wanke, ya ce, wani tsoho ne, ba a san ko wane ba.
Zai ƙirga mutum ɗaya.
Ni kaɗai na san lissafin.