Bangon Kawu Nomau

A Mokoyo, bayan masu ɗinkin katifa,
akwai shagon da ba ya sayar da komi.
Kawu Nomau ya bar cinikin kaset
tun shekarar da waya ta koyi waƙa,
amma ƙarfe bakwai yana buɗe ƙyaure,
ya yayyafa ruwa, ya ɗauki tsintsiya.

Goma sha ɗaya ne a bango,
faya-fayai cikin gilashi, kowanne da ƙusarsa.
Na farko cikin dilar bosho ya zo daga Kwatano,
naɗe a rigar sanyi.
Jika uku ya biya, Inna Cima ta kwana biyu ba ta gaishe shi ba.
Sauran direbobin gingimari suka kawo,
don sun san akwai mutum guda a Maraɗi
mai ba da kuɗin buhun gero
kan faranti mai huji a tsakiya.

Ni ke karanta masa da bokon lakwal:
wannan ya sayar da dubu ɗari biyar, wancan miliyan.
Sai ya ce, to wa ya ƙirga?

Wata Laraba Agali maƙeri ya leƙo,
ya kankare gefen ɗaya da tsinin wuƙa:
fenti ne, Nomau, babu ƙwayar zinariya.
Kawu ya ɗora shi kan garmaho, allura ta sauka.
Sunan namiji ne a allo,
mace ce ke rerawa.
Ya ce, ashe can ma ana rataya wa wani rigar wani,
ya yi gajeriyar dariya.

Daren nan ya jawo littafin ciniki.
Illa mai gurmi: kowane kwafi, zane ɗaya da biro.
Shekara sha tara inji biyu na juyi,
ana kai wa Tibiri, Madarunfa, har Dakoro.
Muka ƙirga har asuba,
dubu arba'in da ɗari shida.
Abin da Illa ya samu: goro, shayi, jika biyar sau ɗaya.
Ya rasu a Bagalam, a ɗakin haya.

Kawu ya sayo fenti ruwan gwal,
ya tsoma kaset ɗin asali,
ya fidda baƙon faifai daga gidansa ya sa shi,
ya ce, rubuta adadin, kar ka rage ko ɗaya.

Na kai shi a kabu-kabu, yana rungume da gilashin.
Barira, ƴar Illa, na tuyar awara a bakin kwalta.
Ta goge hannu a zani, ta daɗe tana dubawa,
ta ce, Baba, ana iya sawa a ji muryarsa?
Fenti ya riga ya liƙe zaren.
Kawu ya lalubi aljihu, ya lalubi baki,
mai yana ta ƙara a tukunya.

Yanzu goma ne a bango
da ƙusa guda tsirara.
Ita yake fara gogewa da safiya.