Jinin da Ya Ƙi Daskarewa

Ranar Laraba ce, muna tsintar auduga
A gonar Baffa Hamajoda, gabas da Pitowa.

Ƙanena Barau ya sa hannu a ƙarƙashin buhu,
Sai na ji ya ce, "Yaya, ƙaya ta soke ni,"
Ya yarfe yatsu yana murmusawa.

Ba ƙaya ba ce. Na gan ta a naɗe,
Launin ƙasa, tsawonta bai kai kamu ba,
Tana gugar jikinta, ƙara kamar ɗanyen ƙulli a tafasasshen mai:
Kububuwa.

Da kunama ce da na ce ya daure.
Inna ta sha harbinta sau bakwai a itacen girki,
Ta kwana salati, da safe ta ɗau tulu ta tafi ruwa.
Ko da yake ita ma ba abokiyar wasa ba ce,
Bara ta shiga zanin goyon Asabe,
Har yau Asabe ba ta daina zazzage shimfiɗa da dubawa.

Da tautau ne, mai bin bango ya bar wa yaro ƙuraje,
Toka da man shanu, kwana uku sai warkewa.

Wannan huda biyu ce kawai, ƙanana,
Kamar allurar tela ta kuskure wurin wucewa.

Muka ɗaure dantse da igiyar buhu,
Muka kai shi zauren Gardi Tambaya.
Ya tsaga, ya manna baƙin dutse, ya ba shi jiƙo,
Ya ce kafin asuba dafi ya gama fitowa.

Kafin asuba matashin kai ya jiƙe.
Dasashi na tsiyaya, tsohon gyambon ƙafa ya buɗe,
Tsagar Gardi kanta ta ƙi rufewa.

Na goya shi da zanin Inna,
Ƙato ɗan shekara sha tara, kamar jinjiri,
A babur ɗin aro mai fitila mai lumshewa.
Kowane rami in ce, "Barau?" ya ce, "Na'am."
A rami na ƙarshe na kira, ban ji amsawa.
Ɗumin numfashinsa a wuyana,
Shi na riƙe, da shi na shiga Garwa.

Madam Dudu ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.
Ta yanke igiya, ta ɓamɓare dutse,
Ta ja jini a 'yar kwalba, ta jingina da taga,
Ta ce, "Minti ashirin. Mu ga ko zai yi daskarewa."

Na yi dakon buhu tun ina yaro,
Ban ɗau abin da ya kai mintunan nan nauyi ba.
Ta karkata kwalba a gabana,
Ya gangaro tsararo kamar zoɓo, ba alamar tsayawa.

Magani akwai, kwalba biyu a firji,
Kuɗinsa ya haura audugarmu ta bana da ta bara.
Na kira Baffa, ya yi shiru, na ji yana kwance igiya.
Bijimin huɗarmu, Goshi,
Ya tafi kasuwar Lahadi tafiyar da ba dawowa.

Barau na nan. Yatsu uku a dama,
Da hagu yake karɓar canji, da ita yake gaisawa.
In an tambaye shi sai ya ce, "Ƙaya ce,"
Ya yi dariya shi kaɗai, ban taɓa taya shi darawa.

Na sayi takalman roba har gwiwa, ƙafa biyu,
Ba na ɗaga buhu sai sanda ta riga ni taɓawa.
Bana da fartanya muka yi huɗa, baya ya faɗa mana.

Jiya Inna ta saka ƙosai a kasko,
Mai ya yi cuuu,
Na tsinci kaina a bakin ƙofa,
Ƙafa ɗaya a sama, ido a ƙasa, ina dubawa.